Aron Baki

A Winnipeg, tsakiyar watan Yuli,
suka barbaza ƙanƙarar takarda a kan titi.
'Yan wasa cikin rigunan sanyi suna ta haɗa gumi,
darakta na ihu: a saki fuska, Kirsimeti ce!

Ni ba na wurin.
Nawa aikin sai kowa ya watse,
a wani akurki mai bangon soso,
daga ni sai makirfo da shayin da ya huce.
A haska min kare a allo,
in cusa masa magana a baki.

Sunansa Ambrose.
Kunne ɗaya a tsaye, ɗaya ya gaji.
An shafa masa tunkuza a ganɗa,
yana lasa, muƙamuƙi na motsi,
ni kuma in ce: "Ba ni na ci talotalon ba, ku tambayi mage!"
An ce kada ka ari bakin wani ka ci masa albasa.
To ni da wannan albasar nake biyan haya,
shekara tara ke nan.

Labarin ɗaya ne, riga kawai yake sauyawa:
uba ya manta gida saboda ofis,
bishiyar ado ta faɗo kan surukai,
kare ya ɓata, kare ya dawo,
kowa ya rungumi kowa kafin sha biyun dare.
Ni da na yi shekara huɗu ina koyon wasan dandamali,
ina mafarkin alkyabba da takobi,
ga ni ana ce min: "Haushi uku, Ostap,
na ukun da ɗan tausayi."

Disamba ta zo da ƙanƙarar gaske,
mai cizon kunne, wadda ba ruwanta da kyamara.
Na hau bas zuwa gidan tsofaffi, bayan layin dogo.
Mahaifiyata Odarka na bakin taga,
bargo a gwiwa, hular takarda a ka.
Shekara biyu tana gaishe ni da ladabi,
gaisuwar da ake yi wa mai gyaran famfo.
Na zauna. Na ɓare mata lemo.
Ta ce na gode, yaron kirki, ɗan wane ne kai?

Luzviminda mai jinya ta kunna talabijin.
Kujerun taya suka juya kamar furanni sun ga rana.
Tsoho Halldor ya riga kowa yin minshari.
Sai ga titin Yuli cikin farin ƙarya,
ga teburi, ga faranti wayam,
ga Ambrose da maiƙo a gemu:
"Ba ni na ci talotalon ba..."

Lemon ya tsaya a hanyar bakinta.

"Ostap!" ta ce. "Ɗana ne wannan.
Kuma ƙarya yake, shi ya ci.
Tun yana ɗan mitsitsi haka yake,
in ya shirga ta, muryarsa sai ta haura sama."
Ta yi dariya har hular ta zame,
dariyar da na ɗauka ta tafi tare da sunana.
Ta zungure ni da gwiwar hannu:
"Ka san shi?"

Na ce, na ɗan san shi.

"To ka ce masa ya rufe wuyansa, akwai sanyi.
Ka ce ya riƙa leƙowa."

Ban ƙara buɗe baki ba har aka gama,
kada muryar ta fito daga inda ba ta zata ba
in ɓata mata.
Na bar kare ya yi min magana,
minti tamanin da huɗu, har da talla.
Ashe aron ba hanya ɗaya yake bi ba.

A tashar bas numfashina na tashi fari.
Na gyara mayafin wuya, tunda an aiko.
Gobe da sassafe zan kira darakta:
kashi na goma, a sa da ni,
ko da tunkuza za a biya.